Megafiksel 12 ta fi 108 tsada: a sensa kuɗin yake ko a lens?

Wani matashi mai ɗaukar bidiyon biki ya aiko da tambaya. Ya ce: "Malam, na tara ɗan kuɗi zan canza kyamara, don ina so in fara ɗaukar shiri mai dogon zango ban da bukukuwa. Na ga Sony FX3 megafiksel 12 ce kacal, wayata kuwa 108 ce, amma kuɗin FX3 sai ya sayi irin wayata da dama. Wani kuma ya ce in dai ba ful-firem ba ce kar ma in kalle ta. Shin in zuba kuɗin gaba ɗaya a kyamara in ci gaba da lallaɓa lens ɗin da nake da shi, ko yaya zan yi?"

Ƙanena, bari mu fara da lissafin da mai shago ba zai tsaya yi maka ba. Fiksel shi ne ɗan ƙaramin ɗigon da ake tara irinsa su zama hoto, miliyan ɗaya nasu kuma shi ne megafiksel ɗaya. Hoton 4K ɗin nan da ake ta kururutawa fiksel 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye. In ka ninka su za ka samu miliyan 8.3. HD kuwa, wato 1920 sau 1080, miliyan biyu ne da 'yan kai. Ka ga ke nan mai megafiksel 12 ya cika mudun 4K har da gyara a kai.

Abin tambaya shi ne girman kowane fiksel da faɗin sensar gaba ɗayanta, wato farantin da ke bayan lens yana karɓar haske. Ka ɗauki sensa tamkar tsakar gida da aka jera kwanuka ana tarar ruwan sama, haske shi ne ruwan. A FX3 tsakar gidan ta kusa milimita 36 sau 24, girman da ake kira ful-firem ke nan, kowane kwano kuma faɗinsa maikiron 8.4 ne. Maikiron ɗaya shi ne milimita in an raba ta gida dubu. A wayoyi masu 108, kwanon bai wuce maikiron 0.8 ba. In aka auna fili, wancan ya ninka wannan fiye da sau ɗari, baho ne da murfin kwalba. Da rana tsaka ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, kowa zai samu rabonsa, shi ya sa hoton waya a waje yake burge ka. Amma a falon amarya mai ƙwan fitila biyu yayyafi ake yi. Wannan murfin ya samu ɗigo uku, na kusa da shi ya samu bakwai, alhali bango ɗaya suke kallo. Wannan rashin daidaiton shi ne yashin da kake gani yana motsi a cikin duhun hoto. Wayar taka ma ta san haka, don yawancin masu 108 suna haɗa fiksel tara-tara su ba ka hoton megafiksel 12 in ka bar su a saitin da suka zo da shi.

Ba wai yawan fiksel ba shi da amfani sam ba. Sensa ba ta ganin launi, yawan haske kawai take ƙirgawa. Don haka ake shimfiɗa mata tankaɗen launi, wanda Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976: rabin fiksel kore, kwata ja, kwata shuɗi. Sauran launin kowane fiksel, kyamara ce take ƙiyasta shi daga maƙwabtansa. Saboda haka kyamarar da ta ɗauka da 6K ta matse zuwa 4K takan ba da hoto mai tsafta, kuma ba ta cika yin walwalin nan da ke rawa a kan yadi mai ƙananan ratsi ko aikin zaren wuyan riga ba. Riba ce, amma ba ita ce ke sa mutum ya ga hoto ya ce wannan fim ne ba.

Abin da ke sa hakan, a gani na, shi ne iya tazarar da sensa take riƙewa tsakanin wuri mafi haske da wuri mafi duhu a hoto guda. Ana auna ta da mataki, kowane mataki ninki biyu ne na haske. Mu a nan mun fi kowa buƙatar fahimtar wannan, don ga abin da muke ɗauka kullum: ango baƙi wuluk, sanye da farar shadda mai sheƙi, ya fito daga masallaci bayan ɗaurin aure da ƙarfe biyu na rana, hula ta yi wa idanunsa inuwa. In ka buɗe don fuska ta fito, rigar ta ƙone ta zama farar takarda, aikin da aka kashe kuɗi a kai ya ɓace. In ka rufe don aikin rigar ya fito, ango ya zama inuwa mai haƙora. Kwanon da ya cika ya zube ba shi da magani a editin, babu abin da aka ajiye a wurin balle a dawo da shi. Duhu ana iya ɗaga shi, amma yashi zai biyo shi. Kyamarar da take riƙe mataki 13 ko 14 na gaskiya za ta ba ka rigar da fuskar tare. Na ce na gaskiya, don adadin da ake rubutawa a kwali yakan haɗa da matakan ƙasa da yashi ya riga ya cinye.

Tarihin ARRI, kamfanin Jamus mai ƙera kyamarar fim, ya isa misali. Kyamarar wani kamfanin, RED One, ta fito a 2007 da 4K, duniya ta ɗauka. ARRI ta fito da Alexa a 2010, hotonta a faɗin talabijin fiksel 2880 ne sau 1620, ko 3K bai kai ba. Amma fiksel ɗinta maikiron 8.25 ne, kuma tana karanta kowanne ta hanya biyu lokaci guda, ɗaya don wuraren haske, ɗaya don wuraren duhu, sannan ta haɗa su, ta ba da mataki 14. Da wannan ƙirar sensar manyan masu ɗaukar fim na duniya suka yi ta aiki shekara goma sha biyu, ana faɗaɗa ta zuwa Alexa 65 da Alexa LF, kafin a kawo sabuwa a Alexa 35 a 2022 mai mataki 17. Ita ma sabuwar 4.6K ce, a lokacin da wasu ke tallar 8K da 12K. Canon ta sa dabara mai kama da wannan a C300 Mark III da C70 a 2020.

Sai dai ka sani, sensa tana iya kamo duk wannan amma fayil ya zubar da shi. In kyamara tana rubuta 8-bit, kowane launi gida 256 ake raba shi. 10-bit kuwa 1024. Hoton log ɗin nan da yake fitowa fari-fari kamar an wanke shi, matse matakan haske aka yi a cikinsa don edita ya buɗe su daga baya. In ka buɗe na 8-bit, sararin samaniya sai ya yi zobe-zobe, fatar mutum ta yi dabbare-dabbare. Duk kyamarar da za ka saya don shiri mai dogon zango, ka tabbata tana rubuta 10-bit a cikinta. Wannan kam ba na yin ciniki a kansa.

Akwai kuma saurin karatu. Kyamarorin kaset da yawancinmu muka koyi aiki da su sensa irin ta CCD ce a cikinsu, fasahar da Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro a Bell Labs ta Amurka a 1969, har ta ba su kyautar Nobel a 2009. Waɗancan suna kama hoton gaba ɗaya lokaci guda, matsalarsu ita ce fitilar mota takan ja farin layi daga sama har ƙasa. CMOS da ta maye gurbinsu, wadda Eric Fossum da abokan aikinsa suka haɓaka a ɗakin binciken NASA a farkon shekarun 1990, ta fi sauƙin cin batir da sauƙin ƙerawa, amma yawancinta layi-layi take karantawa daga sama zuwa ƙasa. Kafin ta iso ƙasa, duniya ta motsa. Ka san wannan ko ba ka san sunansa ba. A wajen dina, in mai hoton kati ya haska filashi, sai ka ga rabin firem ɗinka fari tas, rabi ba komai. In ka juya kyamara da sauri, falwaya ta karkace. In kana ɗauka daga cikin adaidaita sahu, hoto ya riƙa rawa kamar kamu a kwano. A nan ƙarancin fiksel ya zama alheri ga FX3, don tana gama karatu cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa ɗari na sakan. Akwai masu karanta duka lokaci guda, irin RED Komodo ta 2020, amma galibi ana biyan kuɗin hakan da ɗan ragi a matakan haske.

Sai maganar shota, wato tsawon lokacin da kowane firem yake shan haske: ka bar kyamararka a firem 25 ko 50 a sakan, shota 1/50 ko 1/100 na sakan, don wutar lantarkinmu sau 50 take bugawa a sakan. Masu kwaikwayon saitin 'yan Amurka, inda tasu take 60, su ne ke dawowa da hoto mai ƙyaftawa. In kan janareta ake, ka duba a allo tukuna, don bugunsa yakan yi sama ko ƙasa in an ɗora masa kaya.

Yanzu maganar ful-firem. Wanda ya ce maka in ba ita ba kar ka kalla, ka tambaye shi da me aka ɗauki finafinan duniya shekara da shekaru. Da girman Super 35 ne, kusan milimita 25 a kwance, kuma Alexa 35 da na ambata ita ma Super 35 ce, ko da yake ta ɗan fi haka faɗi kaɗan. Ful-firem girman fim ɗin hoton kati ne, ya shigo hannun masu bidiyo sosai bayan Canon 5D Mark II ta 2008. Yana da fa'ida ta gaske: fili ya fi yawa, haske ya fi taruwa, dare ya fi tsafta. ISO shi ne ma'aunin yadda kyamara take jin haske, FX3 kuma tana da ISO biyu da hotonta ya fi tsafta a kansu a log, 800 da 12800, don haka wurin kamu mai fitilu kala-kala ba ya ba ta tsoro. Sannan baya yana narkewa da sauƙi, abin da samari ke so ke nan.

Amma narkewar nan wuƙa ce mai kaifi biyu. Lens na milimita 85 a buɗe f/1.4, wato ƙofarsa a wangale, a kan ful-firem, mutum yana tsaye mita biyu daga gare ka, wurin da zai fito tar bai wuce santimita biyar ba. Ni ya taɓa ci na. Na ɗauki amarya ana sa mata lalle, a ƙaramin allon kyamara komai lafiya lau. Da na zauna gaban kwamfuta sai ga ɗankunne tar kamar ka taɓa shi, idanu kuwa sun yi hazo, don ta ɗan juya kai tana dariya. Ba a sake sa lalle don mai kyamara ya gyara fokas. A manyan lokeshan akwai mutum guda da ba shi da aiki sai juya fokas. Kai kuwa kai ne mai ɗauka, kai ne mai fokas, wani lokacin kai ne mai riƙe fitila.

Ka duba gidajen talabijin. Kyamarar da ke bin ƙwallo a filin wasa, ko mahayi a hawan sallah, sensarta inci 2/3 ce, kusan milimita 9.6 sau 5.4, ƙarama ƙwarai. Galibi guda uku ne a ciki, gilashi mai kusurwa yana raba hasken zuwa ja da kore da shuɗi, kowace sensa da nata, ba ruwansu da tankaɗen Bayer. Sun zaɓi ƙaramar ne da gangan. Fokas yana da zurfi, kuma ana iya ƙera mata lens irin na Canon mai tashi daga milimita 8.2 zuwa 1000, ninki 122 a jiki guda. Irin wannan a kan ful-firem, sai dai a ɗauko shi a bayan akori-kura.

To, lens. A nan nake so ka tsaya, don duk abin da sensa za ta gani ta cikinsa ya wuce, kuma abin da ya ɓata a hanya sensa ba ta gyara shi. Lambar f lissafi ce kawai, tsawon lens a raba da faɗin ƙofarsa. Ba ta gaya maka hasken da gilasan ciki suka cinye. Lens ɗin fim shi ya sa ake rubuta masa T, wato hasken da aka auna ya fito ta baya. Lens biyu masu f/2 suna iya bambanta, amma T2 da T2 haske ɗaya ne, ka canza daga nesa zuwa kusa a fitowa ɗaya ba tare da hoto ya yi tsalle ba.

Lens ɗin hoton kati yana da wasu halaye da mai hoton kati bai damu da su ba, mai bidiyo kuwa suna tona masa asiri. Na farko numfashi: ka juya fokas daga uwa zuwa 'yarta da ke bakin ƙofa, sai ka ga gefen hoton yana shiga yana fita kamar ana ɗan zum. Na biyu, ka yi zum fokas ya gudu. Zum na fim da na talabijin an ƙera su ne su riƙe fokas daga farko har ƙarshe, kuma wannan na daga abin da ke sa na Angénieux ta Faransa da Fujinon tsada. Na uku zoben fokas. A lens ɗin fim yana juyawa kusan digiri 300, da haƙora a jikinsa da alamun nisa da za ka dogara da su. A lens ɗin zamani masu fokas da kansu, zoben sau da yawa ba ya haɗe da gilashi, saƙo yake aika wa inji, don haka in ka juya a hankali ya je wani wuri, in ka juya da sauri ya je wani wurin dabam. Gaskiya fokas mai sarrafa kansa na Sony da Canon ya yi nisa, yana bin ido, kuma ga mai aiki shi kaɗai a biki rahama ne. Amma bai san labari ba. Bai san cewa a wannan fitowar wanda ya yi shiru a baya shi ake so a gani ba.

Sannan kowane lens da halinsa. Shafen da ke kan gilashi shi ke hukunta yadda zai yi in fitila ta dalle shi, ko ya riƙe baƙinsa ko hoton ya yi fari-fari kamar hazon hunturu. Zeiss ta Jamus an san ta da kaifi da tsafta, Cooke ta Ingila da laushi da ɗumi a kan fata. Har yau manyan masu ɗauka suna neman tsofaffin lens su ɗora a kan sabuwar sensa, don ta cika kaifi, tana ƙirga ƙurajen fuska da kaurin hoda.

Kafin ka sayi komai, ka duba abu biyu game da lens ɗin da ke hannunka. Na ɗaya mazauni, wato bakin da lens yake ɗaurewa a jikin kyamara. Kowane irin mazauni da tazararsa zuwa sensa: PL da ARRI ta kawo a 1982 milimita 52 ne, Canon EF 44, Canon RF 20, Sony E 18. Lens mai doguwar tazara yana hawa kyamara mai gajeriya da adafta, akasin haka ba ya yiwuwa. Don haka in EF gare ka, zai hau Sony, amma adafta mai arha in ya kuskure da kaurin gashi, nesa ba za ta fito tar ba. Na biyu, da'irar hoton da lens yake jefawa. Sigma 18-35 f/1.8 ta 2013, wadda masu bidiyo da yawa ke ji da ita, ta Super 35 ce. Ka ɗora ta a FX3, kusurwoyi za su yi baƙi. Ka ce bari ka yanke tsakiyar sensar, fiksel ɗin da suka rage ba su kai 4K ba, sai HD. In irin waɗannan lens ɗin gare ka, sayen ful-firem yana nufin sayen sababbin lens gaba ɗaya.

Akwai gilashi guda da ba a cika sa shi a lissafi ba, alhali a ranarmu ba a aiki sai da shi, wato filta ta ND, mai rage ƙarfin hasken da ke shiga kyamara. Ka lissafa: ISO 800, shota 1/50, rana tsaka. Don hoto ya daidaita sai ka rufe zuwa kusan f/64, lambar da babu ita a lens ɗinka, kuma tun daga f/16 kaifi yake fara raguwa. In kana son f/4, sai ka tare mataki takwas na haske. FX3 ba ta da ND a ciki. FX6 da C70 da Blackmagic Pocket 6K Pro suna da ita. In ta waje za ka saya, kar ka yi rowa. Mai arha tana tare hasken da ido ke gani ta bar wanda ido ba ya gani, da ake kira infrared, ya wuce, sai ka ga baƙar abaya ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, kuma cire wannan a editin wahala ce.

In ni ne kai, ba zan zuba kuɗin duka a jikin kyamara ba. Jiki bayan 'yan shekaru an fito da wanda ya fi shi, farashinsa ya faɗi, lens mai kyau kuwa zai bi ka kyamara uku ko huɗu. Zan duba Super 35 mai 10-bit, irin FX30 ta 2022, wadda a farashin fitowa ba ta kai rabin FX3 ba, tana matse 6K zuwa 4K, mazauninta ɗaya da FX3. Ragowar in sayi zum guda mai f/2.8 ko mafi buɗewa daga farko har ƙarshe, da lens guda marar zum don fuska, da ND ta kirki, da fitila biyu. In kuwa mafi yawan abincinka a dina da kamun dare yake, inda ba a barin ka kunna fitila, to FX3 ta cancanci kuɗinta, amma ka sa kuɗin lens ɗin ful-firem a lissafin tun yanzu.

Ko wacce ka zaɓa, ka je da katin ajiyar hotonka. Ka tsayar da yaron shago a bakin ƙofa, rana a bayansa, ka ɗauka a log. Ka juya kyamara da sauri a kan ƙarfen taga. Ka shiga lungun shagon ka ɗaga ISO. Ka koma gida ka kalla a babban allo kafin ka biya. In na hannu ne, ka rufe zuwa f/16 ka ɗauki farin bango, duk ƙurar da ke kan sensa za ta fito ɗigo-ɗigo. Wannan ana gogewa, amma ɗigon da ke haske ja ko shuɗi a wuri guda in an rufe lens da murfi, lalataccen fiksel ne. Lens kuma ka cire shi, ka buɗe ƙofarsa duka, ka haska tocilan ta baya. Ƙura kaɗan ba komai ba ce. In ka ga wani abu kamar yanar gizo-gizo ya yaɗu daga gefe, fumfuna ce ta damina, tana cin shafen gilashi, ka ajiye masa abinsa.